Ba Jarrabawa Ce Ta Kayar da Haruna Ba

Kwanan baya ina kishingiɗe a zaure na ji jikata Safiya tana fama da tambayoyin Turanci, tana gunaguni wai sun fi ƙarfinta. Wanta ya ce ta kwantar da hankalinta, in ta faɗi sai ta bi sahun Kaka Haruna, wanda Turanci ya kayar tun zamanin Turawa ya koma bin jakai. Suka kwashe da dariya. Ban tsawata musu ba, don ba su suka ƙirƙiro ba. Haruna da bakinsa ya shuka wannan magana, ya yi ta faɗinta cikin raha har Allah Ya karɓi abinsa, ni kuma na zura ido ta yi jijiya a gidan nan. To, ta ishe ni. Ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka san yadda aka yi, ga gwiwa ta ƙi, ga ido ya fara gajiya, don haka za ni rubuta muku tun hannu na iya riƙe alƙalami. Wanda ya karanta wannan kuma ya sake cewa jarrabawa ta kayar da Haruna, ni da shi ne.

Ku fara sanin gidan. Ni maraya ne. Mahaifina ya rasu ina ɗan tatata, mahaifiyata ta koma danginsu wajen Bafarawa ta yi wani aure, sai wan mahaifina, Baba Nomau, ya ɗauko ni ya kawo gidansa a Turba. Falke ne mai jakai. Yana ɗaukar goro da tufafi daga kasuwanninmu ya bi ta Sabon Birni ya ƙetara Maraɗi, ƙasar Faransa, ya dawo da kanwa da dabino. Dogo ne siriri, ba ya son surutu, in ya yi maka doguwar magana a yini ka ci riba. Matarsa Inna Hure ta riƙe ni kamar ita ta haife ni, kai, har fiye. Haruna shi ne ɗansu na fari, ya girme ni da kaɗan. Tabarma ɗaya muke kwana, akushi ɗaya muke ci, bulala ɗaya muke sha in jakai sun shiga gonar mutane.

Ku 'yan yanzu da kuke ɗaukar ɗan fari ku cilla shi sama a gaban surukai, ku ɗauki hotonsa ku raba wa duniya, da wuya ku gane abin da za ni faɗa. A zamaninmu iyaye kunyar ɗan fari suke ji. Ba ƙi ba ne, kunya ce. Uba ba ya kiran sunansa, ba ya yabonsa, ba ya shiga maganarsa a gaban mutane, uwa ma haka. Baba in yana neman Haruna sai ya ce, "Kai, wancan," ko kuma ya ce da ni, "Umaru, hwaɗa ma ɗan'uwanka shi ba jakai ruwa," alhali Haruna na tsaye a gefena yana ji. Al'adar ba ta bar yaro a banza ba, ta tanadar masa masu magana, wato kaka ko ƙanen uba. Su ke shagwaɓa shi, su ke tsaya masa, su ke nema masa aure. Na Haruna su ne mahaifina da kakarmu. Mahaifina ya tafi da wuri, kakarmu kuma ta bi shi ana saura kaɗan mu gama elementare. Sai Haruna ya zama yaro mai uwa da uba a raye, amma babu mai buɗe baki a kansa.

Shigarmu boko ma da wannan ta fara. Da dogari ya zo neman yaro daga gidanmu don elementare ta Isa, Baba bai iya ba da ni ba, kada a ce ya jefa maraya hannun Nasara ya ɓoye nasa. Ya nuna Haruna da haɓa. Ni kuwa na ƙanƙame rigar Haruna na yi ta kururuwa, har dogarin ya gaji ya ce a haɗa masa da mai kukan. Aka sauke mu gidan wata gwaggonmu a Isa, muna komawa Turba ranakun hutu. Da farko Baba asara ya ɗauki abin. Amma fatauci yana buɗe ido. Ya ga yadda ɗan saurayi mai alƙalami ke tsayar da ayari guda a bakin iyaka, manyan fatake masu furfura suna durƙusa masa, sai ya fara sauya tunani. Bai faɗa ba, amma ni na gani. Duk ranar da muka zo gida muka shimfiɗa tabarma gindin bishiyar bedi muna karatu, ranar mangalar jakinsa ke tashi lalacewa. Ya ɗauko ta ya zauna nesa kaɗan, ya ba mu baya yana ɗinki. In ni ke karantawa basilla na ta tafiya, in Haruna ya karɓa sai ta tsaya har ya kai ƙarshen shafi.

Malaminmu na ajin ƙarshe Malam Sidi ne, Basakkwace, gajere mai kaifin murya, wanda ya ɗauki Turanci kamar gadon gidansu. A lokacin an fara sa Turanci cikin jarrabawar shiga Midil, babbar makarantar da ke birni, shi kuwa ya rantse sai ya fitar da yaro daga Isa. Ya samo tsofaffin tambayoyi, ko daga ina oho, kullum bayan la'asar ya tara mu yana ɗura mana. Akwai irin tambayar da ta zame mini ƙarfen ƙafa. Za a jera ayyuka uku cikin jimla, a rubuta biyu, a bar gurbin na uku a ce ka cike. Malam Sidi ya ce Turawa suna da wata 'yar wutsiya, ing, wadda in an liƙa wa aiki sai ya koma suna, kamar yadda mu za mu ce mutum ya nome gona, amma in muna zancen aikin kansa mu ce noma. Wannan na gane. Inda nake faɗuwa wajen jerawa ne. Ya rubuta a allo, My father likes farming, herding and, ya ja layi. Ni kuma na zuba masa to trade, ina washe baki na san kalmar fatauci. Ya dube ni ya riƙe haɓa.

"Umaru, kai dai Allah Shi shirye ka. Kanka na da kyau, kunne na ba ka da shi."

Haruna bai taɓa faɗuwa a irin wannan ba. Wata rana muna hanyar Turba, mun tuɓe riguna mun ɗora a ka saboda zafi, na ce ya faɗa mini asirin ko in daina yi masa magana. Ya yi dariya har ya dafa cinya.

"Kai, ka taɓa ganin Baba ya aza ma jaki buhun gero gehe guda, ɗaya gehen ya sa kwandon barkono?"

"A'a, ai zubewa kayan za su yi."

"To, hakanan magana take. Abin da ka aza dama shi za ka aza hagu. In na hwarko ya zo da wutsiya, na biyu ya zo da wutsiya, na ukku ba shi zuwa da dungu. Ko a Hausa ka taɓa jin an ce Baba na son noma da kiwo da shi yi hwatauci? Noma da kiwo da hwatauci aka cewa."

Tun daga ranar ban sake faɗuwa ba. Na koyar da Turanci shekaru masu yawa bayan nan, duk ɗalibin da ya bi ta hannuna ya sha labarin jaki da kwandon barkono, suna zaton hikimata ce. Ba tawa ba ce, aro na yi. Kuma ku sani, a duk Isa babu mai son Midil kamar Haruna. Tun da kakarmu ta rasu da ciwon da babu wanda ya san sunansa, ya ƙudurta aikin asibiti zai koya. In motar birni ta tsaya a kasuwa sai ya je ya dami yaran mota da tambaya, ina makarantar take, da me aka gina ta, gaskiya ne yara a kan gado suke kwana. Ni kuwa, in faɗa muku tsakani da Allah, jakai nake so. Burina in girma in ɗaura rawani in shiga Maraɗi a gaban ayari. Karatu ina yinsa ne don Haruna na yi.

Aka yi jarrabawa. Bayan wani lokaci Baturen makarantu ya zo da sakamako, aka ce iyayen yaran da suka yi ƙoƙari su hallara a zauren hakimi. Haruna ya zo na ɗaya, ni na biyu, gurbin da aka ba makarantarmu kuma guda ɗaya ne tak. Babu wanda ya yi gardama, na Haruna ne. Na yi murna har da tsalle, don ni ga jakai na kira na. Sai dai a shekarun baya an sha kai yara birni ba da son iyayensu ba, su gudo, a yi ta kai da kawo. Saboda haka Baturen nan ya sa wa kansa doka, ba ya rubuta sunan yaro sai ya ji yardar uba da kunnensa. Niyyarsa mai kyau ce, ba na ɗora masa laifi.

Zaure ya cika da dattawa, liman na nan, masu unguwanni na nan. Mu biyu muna durƙushe a bakin ƙofa, Malam Sidi na tsaye yana tafinta. Bature ya nuna Haruna, ya ce a tambayi Baba ko ɗansa ne, kuma ko ya yarda a tafi da shi. Na ga Baba ya kau da kai ya dubi bango.

"Ranka shi daɗe, wanga ba ni da magana bisa nai."

Duk wanda ke zauren ya san wannan amsar uban ɗan fari ce, ko aure aka zo nema haka zai ce. Bature bai sani ba. Ya ɗaure fuska, ya nuna ni, ya ce wannan fa. Wayyo, a nan Baba ya samu inda bakinsa zai buɗe, ya kuwa buɗe shi duka. Mutumin da ba ya magana sai ga shi yana zuba.

"Wanga kau ɗana na, Umaru, ɗan ƙanena marigayi. Yaro na mai hankali, mai ladabi, ba shi ƙiwuya. Duk inda anka kai shi ba shi ba ku kunya."

Malam Sidi ya ga inda abin ya dosa. Ya juya ga Bature ya yi masa dogon bayani da Turanci, na tsinci kaɗan, yana ce masa al'adarmu ce, shirun nan yarda ce. Bature ya ce ya ji, amma a sake tambaya, uban ya ce i ko a'a da bakinsa. Kowa ya zuba wa Baba ido. Yanzu tambayar ta sauya, tunda an riga an sa ni a ciki: ko ya zaɓi ɗan cikinsa a gaban dattawa, ko ya zaɓi marayan ƙanensa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Abin da manya sunka gani." Bature ya gyaɗa kai kamar mai tausayi. Ya ce ya sha ganin iyayen da ke jin nauyin cewa a'a a gaban hakimi, shi ba zai raba mutum da babban ɗansa mai taya shi aiki ba. Ya rubuta sunana. Kafin Malam Sidi ya sake buɗe baki, liman ya ɗaga hannu.

"Madalla da Nomau! Ya yi kara, ya hihita maraya bisa nashi. Allah Shi saka mai da Aljanna."

Zaure ya ɗauki amin. Shi ke nan, yabo ya ɗaure Baba tamau. Wa zai tashi bayan an yi masa addu'ar Aljanna ya ce a'a, ba haka nake nufi ba? Na dubi Haruna, idonsa na ƙasa, yana zana wani abu da yatsa a cikin rairayi.

Gidanmu bai taɓa yin shiru irin na kwanakin nan ba. Maƙwabta na ta shigowa yi wa Baba barka da halin girma, yana amsawa da ƙyar, in sun fita ya shige ɗaki. Inna Hure ba ta ce uffan ba, ita ma kunyar ta ɗaure ta, sai dai dakan da take yi ya sauya, kana jin taɓarya daga bayan gari. Ni na yi kuka, na ce ba za ni ba. Baba ya daka mini tsawar da bai taɓa yi mini ba. Malam Sidi ya tako har Turba, suka keɓe da Baba, ya fito yana girgiza kai ya ce takarda ta riga ta wuce birni. Ana gobe za ni tafi Inna ta kira ni ta miƙo mini sabon gwado. Tun damina nake ganinta tana kaɗin zarensa, ta kai wa masaƙi a ɓoye. Da na warware shi ya fi ni tsawo sosai, ba sai an gaya mini wanda aka auna ba. Ta ce in riƙa lulluɓa, an ce birni akwai sauro, ta juya ta shiga madafa.

Haruna ne ya ɗaukar mini akwati har inda mota ke tsayawa a Isa. A hanya yana ta yi mini tambayoyin Turanci kamar ba abin da ya faru, in na amsa daidai ya ce madalla, in na kuskure ya dungure mini kai. Sai da muka hango motar na ce masa ya yi haƙuri, ya san Baba kunya ce ta hana shi. Ya sauke akwatin ya dube ni.

"Kunya na san ta, Umaru, cikinta na girma. Amma kalma guda anka ce shi hwaɗi. I, shi ke nan. Mutum ba shi jin kunya har shi yanka ɗanai. Mai bin jakai shika so, ya kau samu. Kai dai tahi ka yi karatu, kada ka bari a ce ɗiyan Isa ba su da kai."

Na shiga mota da wannan magana a ƙirjina, ta yi mini nauyi fiye da akwatin. Watannin farko a Midil ban ji daɗinsu ba ko kaɗan. Duk abin da na gani sai in ce da Haruna ne da ya fi ni jin daɗinsa, har gadon ma.

Bayan an sare gero an kai rumbu, wata safiya muna aji aka aiko in je ofishin shugaban makaranta. Na tafi ina lissafin laifin da na yi. A bakin ƙofa na ga takalman fata da na sani. Ina shiga na tarar da Baba durƙushe a ƙasa, rawaninsa ya yi ja da ƙurar hanya. Ashe ya ce da mutanen gida fata zai je saye wata kasuwa, ya kamo hanyar birni shi kaɗai a kan jaki. Shugaban Bature ne, wani daban, Hausarsa ta littafi ce, ba ya kama maganar Gobirawa. Ya ce tunda dattijon nan ya ambaci sunana, in zo in yi musu tafinta. Baba bai dube ni ba.

"Hwaɗa mai, yaron da yaz zo na ɗaya a Isa, kuskure anka yi. Ba ƙi na yi ba. A taimake ni a ɗauke shi."

Na fassara. Bature ya ce wane yaro, mene ne sunansa. Baba ya waiwayo ya dube ni, irin kallon da yake mini a gida in yana son in isar da saƙo. Na buɗe baki za ni faɗa, Bature ya ɗaga hannu. Ya ce abin da aka sanar da shi, uban yaron ne ya ƙi, don haka daga bakin uban yake son ji, ba daga bakin tafinta ba. Na gaya wa Baba. Na zaci tashi zai yi ya fita. Sai ya dafa ƙasa da hannu biyu. Da muryar ta fito ban san ta ba, ta shaƙe kamar ta mai mura.

"Haruna. Haruna ɗana, ɗana na hwari. Ya hi wanga kai, ya hi duk yaran Isa. In shina karatu ni kan saurara, ban san abin da shika cewa ba, amma na san babu mai yi awa shi. Ina son shi yi karatu."

Tun da aka haife ni ban taɓa jin sunan nan a bakinsa ba. Na fassara duka ban rage ko kalma ba, har da inda ya ce ya fi ni kai, don gaskiya ce. Bature ya cire tabarau ya daɗe yana murza ido. Ya ce ya gane yanzu, kuma abin ya dame shi. Amma ajin ya cika, gurbin Isa ɗaya ne, baɗi kuma shekarun Haruna sun wuce na shiga. Abu ɗaya kawai zai iya: in Baba na so, a yi musanya, Haruna ya zo ni in koma gida. Wannan ma na fassara, kuma ban tsaya nan ba, na ɗora nawa.

"Baba, ka yarda. Wallahi ni jakai nika so, ka sani. In koma, shi taho."

"Ruhe min baki! In hidda kai in sa nawa? Gobe ƙiyama in na gamu da ubanka mi za ni ce mai? Hwaɗa ma Bature na gode, a bar shi yadda shike."

Ya miƙe, gwiwoyinsa na ƙara, ya fita ya sa takalmansa. Na bi shi har inda ya ɗaure jaki a gindin wata tsamiya. Ya kwance ƙullin dabino ya ba ni, ya tambayi ko ana ba mu abinci muna ƙoshi, na ce i. Sa'an nan ya kama hannuna ya matse har sai da na ji zafi. Ya ce in ɗaukar masa alkawari, muddin yana numfashi babu wanda zai ji ya zo nan. Na ce Baba ko Haruna? Ya ce shi ne ma na farko. In gari ya ji, za a ce Nomau ya je birni cire maraya. In yaron ya ji an je an kasa, an sake fama masa ciwo ke nan. Na yi masa alkawari ina kuka. Ya hau jakinsa ya tafi, ko ruwa bai tsaya ya sha ba.

Alkawarin nan ya ci ni. Haruna ya karɓi jakai, ya zama falken da ake kwatance da shi daga Gangara har Maraɗi. Faransanci ma da kunne ya ɗauke shi a kasuwa, har ma'aikatan iyaka na kiransa ya raba musu gardama. Bai taɓa ɗaga wa Baba murya ba, bai taɓa barinsa da yunwa ba, kullum da safe yana durƙusawa ya gaishe shi. Amma daga gaisuwa babu ƙari. Suna iya tafiya har Maraɗi su dawo ba su yi hirar da ta wuce ta kaya ba. In baƙo ya tambaye shi yaya mai kai irin nasa bai yi boko mai zurfi ba, sai ya yi dariya ya ce Turanci ne ya kayar da shi. Kun ga inda maganar ta samo asali. Ya gwammace a ce shi daƙiƙi ne da a ce ubansa ya tare masa hanya, kuma ya riƙe wannan har ƙarshen ransa. Ni ina gani ina ji, bakina a ɗaure. Duk hutun da na zo sai na roƙi Baba ya sake ni, ko bayan na zama malami na yi iyali ban daina ba. Amsarsa ɗaya ce, "Ka yi alkawari." Na ji haushinsa, ba na ɓoye muku, kuma na ji tausayinsa fiye da haushin.

Baba ya rasu bayan Turawa sun tafi, mu duka muna da 'ya'ya a lokacin. Ran sadakar uku da hantsi, da masu gaisuwa suka ragu, na nemi Haruna na same shi a bayan gida wajen turken jakai yana zuba musu harawa. Na ce ya zauna, akwai kayan da aka aza mini tun muna yara, yau za ni sauke. Muka zauna a kan wani kututture. Na ba shi labari tun daga takalman bakin ƙofa har dabinon gindin tsamiya. Bai katse ni ba, yana riƙe da tsinken harawa yana karyawa. Da na gama ban ji ya tambayi zancen musanya ba, bai kuma tambayi dalilin da na yi shiru shekara da shekaru ba.

"Ya hwaɗi sunana?"

"Ya hwaɗa."

"Da bakinai? Ba kai ka taya shi ba?"

"Da bakinai, gaban Bature."

"Mi yac ce? Hwaɗa min yadda yac ce, kada ka gyara mai."

Na gyara zama na faɗa masa yadda na ji, da shaƙewar muryar da komai: Haruna, Haruna ɗana, ɗana na hwari. Ya rufe ido ya ce in sake. Na sake. Hawaye na bin gemunsa bai share ba, ni ma nawa na zuba. Jaki ɗaya ya miƙo wuya yana jan harawar da ke hannunsa, ya sakar masa. Can ya dafa kafaɗata ya miƙe tsaye.

"Umaru, Midil ban taɓa yi maka ƙyashinta ba, Allah Shina gani. Amma wanga da kaj ji ni ban ji ba, wanga ina yi maka ƙyashi."